Albaniya: ƙasar da ta haramta addini tsawon shekara 23

Duk lokacin da aka ji labarin wani rikici da aka rataya wa addini, ba a rasa mai cewa da babu addinin a duniya da an fi zaman lafiya. Masu faɗin haka sukan ɗauka magana ce ta hasashe, wadda ba wanda zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa. Amma gani ya kori ji. An taɓa gwada abin a aikace, a kan mutane kusan miliyan 2, da duk ƙarfin da hukuma za ta iya tarawa, daga 1967 zuwa 1990. Ƙasar da aka yi gwajin ita ce Albaniya, wata 'yar ƙaramar ƙasa mai duwatsu a kudu maso gabashin Turai, wadda ta yi iyaka da Girka, take kuma fuskantar Italiya ta tsallaken teku.

Sunan ƙasar ba baƙo ba ne a kunnen ɗalibin ilimi Bahaushe, ko da bai san inda take ba. Malamin hadisin nan Muhammad Nasiruddin Albani a birnin Shkodar na arewacin ƙasar aka haife shi a 1914, kuma daga sunansa ne marigayi Shehu Muhammad Auwal Adam na Zariya ya samu laƙabin da aka san shi da shi. Mahaifin Nasiruddin ya kwashe iyalinsa zuwa Dimashƙa tun yaron yana ƙarami, domin ya ga take-taken mahukuntan ƙasarsa game da addini. Abin da ya hango bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya zo daga baya ba.

Yadda addini ya gina ƙasar

Albaniyawa Kiristoci ne tun ƙarnukan farko, na arewa suna bin Roma, na kudu suna bin cocin Otodoks na gabas. Turkawan Daular Usmaniyya sun shigo a ƙarni na 15. Jarumin ƙasar, Iskandar Beg, ya tare su daga 1443 har rasuwarsa a 1468, sannan garuruwan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, Shkodar a 1479. Musulunci bai mamaye ƙasar dare ɗaya ba. Sai a ƙarni na 17 da na 18 ne yawancin jama'a suka musulunta, wasu don sun gamsu, wasu don sauƙin haraji da samun muƙami. Albaniyawa sun yi fice a daular: gidan Koprulu, wanda ya ba ta manyan wazirai a ƙarni na 17, daga cikinsu yake, haka ma Muhammad Ali Pasha da ya mulki Masar. Kafin yaƙin duniya na biyu ana ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na jama'ar Musulmi ne, har da mabiya ɗariƙar Bektashiyya, kashi 20 Otodoks, kashi 10 Katolika.

Addini a wannan ƙasa bai tsaya a ɗakin ibada ba. Masallaci yana da wakafi na gonaki da shaguna, daga nan ake biyan liman da ladan, a ciyar da ɗalibai da matafiya, a gyara gada da famfon ruwa. Zawiyoyin Bektashiyya masauki ne ga baƙo kowane iri. Limaman Katolika su ne suka buɗe makarantu a tsaunukan arewa inda hukuma ba ta taɓa leƙawa ba. Harshen ƙasar ma a hannun masu addini ya fara shiga takarda: littafi mafi tsufa da aka buga da Albaniyanci littafin addu'o'i ne na wani limamin coci, Gjon Buzuku, a 1555. A taron Manastir na 1908, inda aka tsayar da haruffan da ake rubuta harshen da su har yau, wani limamin Katolika, Gjergj Fishta, shi ya jagoranci kwamitin. Babban mawaƙin kishin ƙasa, Naim Frasheri, ɗan Bektashiyya ne.

Da Isma'il Kemali ya ayyana 'yancin kai a garin Vlora ranar 28 ga Nuwamba 1912, mataimakinsa limamin Katolika ne, shugaban majalisar dattawa kuwa mufti ne, Vehbi Dibra. A 1920 aka kafa majalisar riƙon ƙasa ta mutum huɗu: Basunne, ɗan Bektashiyya, Bakatolike da ɗan Otodoks. Wannan shi ne abin da ya kamata a riƙe kafin a shiga labarin abin da ya biyo baya. Albaniya ba ƙasa ce da addini ya jefa cikin yaƙin basasa ba har a ce an haramta shi don a ceci rayuka. Ƙasa ce da mabiya addinai suka iya zama da juna fiye da maƙwabtansu. A lokacin mamayar Jamus a yaƙin duniya na biyu, iyalai Musulmi da Kirista sun ɓoye Yahudawan da suka gudo musu, bisa tsohuwar al'adarsu ta riƙon amanar baƙo da kuma tsoron Allah, har yawan Yahudawan ƙasar a ƙarshen yaƙi ya ninka na farkonsa.

Sarki Zog, wanda ya hau mulki a matsayin shugaban ƙasa a 1925 ya naɗa kansa sarki a 1928, ya raba addini da hukuma, ya kawo dokokin aure da gado irin na Turai, ya hana lulluɓin fuska a 1937. Ya takura, amma bai rufe masallaci ko coci ba. Wanda zai yi wannan yana tafe.

Sara da sassaƙa

'Yan gurguzu sun karɓi mulki a watan Nuwamba 1944 ƙarƙashin Enver Hoja, wanda aka haifa a gidan Musulmi a garin Gjirokastar a 1908, ya yi karatu a Faransa. Hoja bai fara da hana salla ba. Ya fara da dukiya. Dokar rabon filaye ta Agusta 1945 ta ƙwace gonakin wakafi da na majami'u, malamai suka wayi gari ba su da abin riƙe makaranta ko ciyar da mabuƙaci. Daga nan aka karɓe makarantun addini da maɗaba'unsu da gidajen marayunsu, aka kori limaman coci 'yan ƙasashen waje.

Sai aka juya kan shugabanni. Katolika suka fi ɗanɗana kuɗarsu da farko, domin ana zarginsu da yi wa Fadar Fafaroma da Italiya leƙen asiri. Babban limamin Durres, Vincenc Prennushi, ya ƙi yarda ya raba cocinsa da Roma, aka ɗaure shi, ya mutu a kurkuku a 1949. Malaman Musulunci irin su Hafiz Ibrahim Dalliu da Hafiz Ali Kraja an ɗaure su. Wanda ya yi shiru aka bar shi da albashin hukuma da sharaɗin ya yabi jam'iyya a kan mumbari. Kafin tsakiyar shekarun 1960 an rufe madarasar Tirana, wadda ita ce ta rage tana yaye limamai. Aka bar tsofaffi suna mutuwa babu masu gadonsu.

Hoja ya ɓata da Yugoslabiya a 1948, ya ɓata da Tarayyar Sobiyet a 1961, ya jingina da ƙasar Sin. Da jagoran Sin, Mao, ya ƙaddamar da juyin al'adunsa a 1966, Hoja ya ga lokaci ya yi da zai yi abin da ko Stalin na Sobiyet bai ƙarasa ba. Faransa ta gwada rufe majami'u a 1793, ba a jima ba aka janye. Sobiyet ta rusa babban cocin Mosko a 1931, amma da yaƙi ya yi tsanani a 1943 Stalin ya nemi sulhu da limamai. Hoja ya ƙudura cewa shi ba zai ja da baya ba.

Shekarar 1967

Ranar 6 ga Fabrairu 1967 Hoja ya yi jawabin da ya tunzura matasa su yaƙi abin da ya kira camfi da tsofaffin al'adu. Ɗaliban wata makarantar sakandare a Durres suka fara, sauran garuruwa suka bi. An shirya abin ya zama kamar jama'a ne da kansu suka gaji da addini. Ana tara mutanen ƙauye a fili, a tambaye su ko suna son a rufe masallacinsu, jami'an tsaro suna tsaye suna duban wanda bai ɗaga hannu ba. Cikin 'yan watanni aka rufe wuraren ibada 2,169, daga ciki akwai masallatai 740, majami'u da gidajen ibada na Otodoks 608, majami'un Katolika 157, da zawiyoyi da hubbarori 530. An rushe wasu, an mayar da wasu rumbunan hatsi, garken dabbobi, silima ko ɗakin taro. An karya hasumiyoyi. Babban cocin Shkodar ya zama ɗakin wasanni. Masallacin Et'hem Bey da ke tsakiyar Tirana ya tsira daga rushewa saboda kyan zanensa, amma an garƙame shi a matsayin kayan tarihi. An aske wa limamai gemu a bainar jama'a, an tura su aikin gona da haƙar ma'adinai.

A watan Nuwamba na shekarar aka soke duk dokokin da suka amince da ƙungiyoyin addini, Albaniya ta yi shelar cewa ita ce ƙasa ta farko a duniya da ba ta yarda da samuwar Allah ba. A 1973 aka buɗe gidan tarihi na musun Allah a Shkodar, birnin malamai da limamai. Kundin tsarin mulki na 1976, a sashe na 37, ya ce hukuma ba ta amince da kowane addini ba kuma ita ce za ta yaɗa aƙidar rashin addini. Dokar laifuka ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 10 ga wanda aka kama yana wa'azi ko yana raba littafin addini.

Da suka gama da gine-gine sai suka shiga gidaje. Wata doka ta 1975 ta ba hukuma ikon canza sunan da bai dace da aƙidarta ba, daga baya aka buga littafin sunayen da aka yarda a raɗa wa jarirai. Aka daina jin Muhammadu da Fatima da Yohanna a ɗakin rajistar haihuwa. Garuruwan da ke ɗauke da sunayen waliyyai aka sake musu suna. A watan azumi ana raba abinci da ruwa a makarantu da masana'antu da rana tsaka, ana lura da wanda ya ƙi ci. Ana ba sojoji da ɗalibai naman alade. Malamin makaranta kan tambayi yaro ko an tashi cin abinci da dare a gidansu, ko an rina ƙwai a lokacin Ista, yaro ya faɗi gaskiya bai san ya jefa iyayensa cikin masifa ba. Mutum ya mutu a kai shi kabari babu liman, babu salla, sai jawabin sakataren jam'iyya. A 1971 aka harbe wani tsohon limamin Katolika, Shtjefen Kurti, bayan an zarge shi da yi wa wani yaro baftisma a ɓoye.

Wa ya hau kujerar da aka bari?

A nan ne tarihin Albaniya yake amsa tambayar da aka fara da ita. Da aka kawar da addini, gurbinsa bai zauna fayau ba. Hukuma ce ta shige shi. Hoton Hoja ya maye gurbin allon addu'a a bangon ɗaki. Littattafansa suka zama abin haddacewa a makaranta, ana kafa hujja da su kamar nassi. An rubuta sunansa da manyan duwatsu a jikin tsaunuka. Bukukuwan jam'iyya suka maye gurbin Idi da Kirsimeti. An samu masu ridda da masu tuba da kotun tuhumar zuciya, sai dai babu gafara. Wanda aka yi wa tambarin maƙiyin jama'a, laifin yana bin 'ya'yansa da jikokinsa: ba jami'a, ba aiki mai kyau, sau da yawa ma ba mai aurensu.

Babban aikin da addini yake yi wa al'umma, wanda ba a cika lura da shi ba sai an rasa shi, shi ne yana tuna wa mai mulki cewa akwai wanda ya fi shi. Liman mai tsoron Allah yana iya cewa sarki bai yi daidai ba, ya kafa hujja da abin da sarkin bai isa ya canza ba. Da aka rufe wannan ƙofa a Albaniya, ba abin da ya rage tsakanin talaka da hukuma. Hukumar leƙen asiri ta Sigurimi ta cika unguwanni da 'yan rahoto, har miji yana tauna magana a gaban matarsa, maƙwabci yana tsoron maƙwabci. An kashe fiye da mutum 5,000 bisa hukuncin siyasa, an ɗaure dubbai a wurare irin su kurkukun ma'adinai na Spac, an kori iyalai zuwa ƙauyukan horo. Na jikin Hoja ma ba su tsira ba: an harbe ministan tsaronsa Bekir Balluku a 1975, firaministansa Mehmet Shehu kuma aka tsinci gawarsa a 1981, aka ce shi ya kashe kansa, sannan aka kira shi ɗan leƙen asirin ƙasashen waje. Ƙasar da ta rufe wuraren ibada sama da dubu biyu ta gina ramukan kankare na yaƙi sama da 170,000, don tsoron harin da bai taɓa zuwa ba, alhali jama'a na bin layin madara tun asuba.

Adalci ya sa a faɗi abin da gwamnatin ta yi na alheri. Ta yaƙi jahilci a ƙasar da yawancin mutanenta ba su iya karatu ba a 1945, ta kai wutar lantarki kowane ƙauye kafin ƙarshen 1970, ta sa 'yan mata a makaranta, ta murƙushe ramuwar gayya ta jini da ta addabi tsaunukan arewa. Amma ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci a harbe liman ko a hana uwa raɗa wa ɗanta sunan da take so. Ƙasashe da yawa sun samu makaranta da lantarki da masallatansu a buɗe.

Abin da ya tsira a ɓoye

Imani bai mutu ba, ya koma ƙarƙashin toka kamar garwashi. Tsofaffin mata su ne suka fi riƙe shi. Suna yin sahur cikin duhu ba tare da kunna fitila ba. Ranar Idi a dafa kayan zaƙi a ce bikin ranar haihuwar yaro ake yi. A kira jariri da sunan hukuma a waje, a raɗa masa na gaskiya a kunne. An binne Alƙur'anai da littattafan addu'a a cikin bango da ƙarƙashin daɓe. Kiristoci suna ƙona ɓawon ƙwan Ista don kada a gani a shara. Uwa Teresa, 'yar Albaniyawa da ta samu lambar Nobel a 1979 saboda hidimar matalauta a Indiya, an hana ta shiga ƙasar har mahaifiyarta da 'yar'uwarta suka rasu a Tirana ba ta gan su ba. Sai a 1989 ta samu ta ziyarci kaburburansu.

Hoja ya mutu ranar 11 ga Afrilu 1985. Magajinsa Ramiz Aliya ya riƙe tsarin har guguwar da ta rushe katangar Balin ta iso. Ranar 4 ga Nuwamba 1990, wani limamin Katolika, Simon Jubani, wanda ya yi shekara 26 a kurkuku, ya jagoranci addu'a a fili a maƙabartar Shkodar, dubban mutane suka taru, har da Musulmin garin da suka zo su tsaya tare da maƙwabtansu. Ranar 16 ga watan, Hafiz Sabri Koci, wanda shi ma ya yi shekara 20 a ɗaure, ya ja sallar Juma'a a tsohon Masallacin Dalma na birnin, Kiristoci suka rama zuwa. Ranar 18 ga Janairu 1991 kimanin mutum 10,000 suka nufi masallacin Et'hem Bey a Tirana, 'yan sanda suna kallo ba su hana ba. Ranar 20 ga Fabrairu jama'a suka kayar da gunkin Hoja a babban dandalin birnin.

Abin da bai dawo ba

Gini yana da sauƙin mayarwa. An gyara cocin Shkodar, Fafaroma John Paul na biyu ya yi addu'a a cikinsa a 1993. An gina ɗaruruwan masallatai, a 2024 aka buɗe babban masallacin Namazgah a Tirana da taimakon Turkiyya. Abin da ya yi wuya shi ne ilimi. An samu mutane masu shekara 30 da suke kuka don jin kiran salla amma ba su san yadda ake alwala ba. Malaman da suka rage tsofaffi ne 'yan ƙalilan da kurkuku ya raunana. Silsilar karatu daga malami zuwa ɗalibi, wadda aka ɗauki ƙarnuka ana ƙullawa, ta tsinke cikin zuriya ɗaya, dole aka tura yara Turkiyya da ƙasashen Larabawa, aka kuma karɓi masu wa'azi daga ko'ina, kowa da irin fahimtarsa.

Yarda da juna ma ba ta dawo da wuri ba. Da tsoron hukuma ya kau, sai aka ga babu wani abu a ƙarƙashinsa. A watan Agusta 1991 kimanin mutum 20,000 suka cika jirgin ruwa ɗaya suka gudu zuwa Bari ta Italiya. Ramuwar gayya ta jini ta dawo a arewa, domin an danne ta ne da bindiga, ba a cire ta daga zukata ba, kuma limamai da dattawan da suke sulhunta iyalai a da an riga an kawar da su. A 1997 kamfanonin damfara masu alkawarin riba mai yawa suka ruguje da kuɗin jama'a sama da dala biliyan ɗaya, aka fasa rumbunan makamai, kusan mutum 2,000 suka mutu. Talauci da rashin sanin harkar kasuwa suna da nasu kason a wannan bala'i. Amma al'ummar da aka koya wa shekara da shekaru cewa ba wanda yake ganinka sai ɗan rahoto, ba abin mamaki ba ne ta rasa birki ranar da ɗan rahoton ya tafi.

Ƙidayar 2023 ta nuna cewa kimanin rabin jama'ar ƙasar suna kiran kansu Musulmi idan an haɗa da 'yan Bektashiyya, Kiristoci kimanin kashi 16, waɗanda suka ce ba su yarda da Allah ba kuwa ba su kai kashi 4 ba. Shekara 23 na haramci ba su mayar da Albaniyawa marasa imani ba. Sun dai mayar da da yawansu masu imani marasa sani.

Wannan tarihi bai wanke masu addini daga laifukansu ba. A ƙasar Bosniya, tsakanin 1992 da 1995, an mayar da addini tambarin ƙabila, aka yi wa Musulmi sama da 8,000 kisan gilla a Srebrenica. Addinin da ya zama tuta kawai, babu tsoron Allah a cikinsa, yana iya ƙona gari. Amma Albaniya ta nuna cewa maganin wannan ba cire addini ba ne, domin zalunci bai ragu ba da aka cire shi, sai ma ya rasa mai tsawata masa.

Mai karatu da ya tashi yana jin kiran salla sau biyar a rana, aka raɗa masa suna a gaban liman, yake da tabbacin za a sallace shi ranar da ya mutu, ya san cewa waɗannan ni'imomi ne da wata al'umma ta wayi gari babu su. Abin da ya cece su shi ne abin da iyaye mata suka koya wa 'ya'yansu a cikin ɗaki, abin da ya fi cutar da su kuma shi ne yankewar ilimi. Don haka mu koyar da 'ya'yanmu addini da saninsa da ladabinsa, mu girmama malamin da yake faɗa wa mai mulki gaskiya, mu kuma kare haƙƙin maƙwabcinmu na yin ibadarsa, domin hukumar da ta rufe cocin Shkodar ita ce ta rufe masallatansa a shekara guda. Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya ba mu zaman lafiya.